Yadda Kalkuletar Rukaya Ta Mayar da Ni Ɗan Aji Ɗaya

Duk shekara sai an samu biyu ko uku daga cikinku, samarin da suka gama jami'a aiki bai samu ba, sun zo sun tsaya a bakin ajina suna cewa, "Ticha Issaka, mu ma za mu ɗan taɓa koyar da lissafi kafin aiki ya fito." Ku ɗan taɓa, kamar kokon safe. To, ku samu wuri ku zauna. Shekara talatin da ɗoriya ina koyar da lissafi tsakanin Nima da Mamobi a nan Akra, da safe a makaranta, da yamma a wannan ɗakin mai benci shida, kuma kwanan nan wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannuna ba ta zaunar da ni a ƙasa daɓas. Zan ba ku labarin, amma sai kun fara jin inda na fito.

Aikin farko da Masta Seidu ya ba ni shi ne jan layi a allo. Shi ne shugaban wata ƙaramar makaranta a bayan kasuwar Mamobi, mutumin Tamale, siriri, ba ya ɗaga murya. Na je masa da takardar shaidata ina hura hanci, sai ya miƙo mini igiya da alli. A shafa wa igiyar alli, a ja ta ta yi tauri a jikin allo, a tsinko ta a saki, ta bar layi miƙaƙƙe. Tsaye ashirin, kwance ashirin, har allon ya zama gida-gida kamar takardar giraf. In gida ɗaya ya fi ɗan'uwansa faɗi, sai ya miƙo tsumma. Wata uku ina wannan kafin ya bar ni na tsaya gaban yara.

Da ya fara koya mini zanen giraf, dokarsa ɗaya ce. Zai rubuta lissafin a gefen allo ya ce, "Kafin ka ɗora alli, gaya mini kamannin layin. Kwano ne a buɗe ko a kife? Ina zai tsallaka? Ina zai tsinke?" In na ce bari in lissafa tukuna, sai ya ce, "Telan da bai ga rigar a ransa ba, yadin mutane zai ɓata." A lokacin na ɗauka mugunta ce kawai ta tsofaffi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Alli, tsumma, rular katako mai tsawon kamu biyu, da ɗan littafin logaritim wanda nawa ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsohon kallabi. Da ƙananan kalkuleta suka shigo, yini ɗaya na koye su. Har na samu abin faɗa wa yara: kalkuleta jaka ce, kai ne mai jakar, in ta kai ka rami kai ka kora ta. Na faɗi wannan magana ta fi sau dubu, da ƙirji a buɗe.

Yara ba su ne wahalar sana'ar nan ba, iyaye ne. Direban trotro, motar hayar cikin gari, zai kawo maka ɗansa saura mako uku jarrabawa ya ce, "Ticha, ka zuba masa," kamar mai a tanki. Wani tela daga Zongo Lane ya taɓa zama a bencin baya kwana huɗu yana kallo, wai yana son ya ga ta inda lissafin ke shiga. Amma waɗanda ke ɗaga malami su kuma kayar da shi su ne matan kasuwar Nima. In ɗaya ta ce kai malami ne, kafin La'asar bencinka ya cika. In ta taɓe baki, sai ka fara neman wata sana'a.

Shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba ita ce ta karya ni. Yara suka koma gida, suka gano akwai masu koyar da lissafi a cikin waya, ba sa tsawa, ba sa aike, kuma ana iya mayar da su baya su maimaita sau goma. Da aka buɗe makarantu, ɗakin nan da ke ɗaukar yara talatin ya koma yara huɗu. Kullum ina share benci shida, biyar daga ciki don ƙadangaru.

A cikin wannan hali ne, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Hajiya Memuna ta shigo da 'yarta Rukaya. Hajiya Memuna mai sayar da atamfa ce a kasuwar Nima, kuma in ta yi magana a rumfarta, a Mamobi ake amsawa. Rukaya ta ci wata gasa, an ba ta gurbin karatu kyauta a wata babbar makaranta ta masu hali, inda ake rubuta jarrabawar ƙasashen waje. Yanzu makarantar ta aiko da takarda cewa lissafinta ya yi ƙasa, in bai tashi ba kafin ƙarshen shekara za a janye gurbin.

Hajiya Hausarta irin ta cikin Zango ce, mace da namiji duk "shi" ne. Ta ce, "Ticha, ga yarinyanka. Lissafinshi ya faɗi paa, ba kaɗan ba. Kawunshi ya aiko mashi da injin da makaranta suka ce dole, amma har yanzu shiru. Ka san irin injin nan?"

Rukaya ta zaro ta daga jaka. Baƙa, mai kauri, da fuskar gilashi mai faɗi a sama, ƙasa kuma maɓallai sun yi sahu-sahu kamar masallacin Idi. Kalkuleta ce mai zana giraf da kanta. Na taɓa ganin hotonta a bayan wani littafi, iyakacin sanina da ita ke nan.

Na ce, "Hajiya, ai kalkuleta kalkuleta ce. Sai dai a bar mini ita zuwa Litinin, in duba ko ta ainihi ce. Jabu sun cika kasuwa."

Rukaya ta miƙo wani littafi mai kauri. "Ticha, ga littafin bayaninta."

Na ɗaga hannu. "Ajiye abinki, 'yata. Wannan na masu koyo ne."

Ku riƙe wannan, samari: ba a taɓa yin wautar da ta kai wadda mutum ya yi yana murmushi ba.

Ranar Asabar da hantsi na zauna a tsakar gida na ƙirga maɓallan. Sun kusa hamsin, kuma kowanne da rubutu uku: fari a kansa, shuɗi a samansa, kore a gefe. Ni da na saba maɓalli ɗaya aiki ɗaya, sai ga kowane ɗaya da laƙabi biyu kamar ɗan dambe. Na kunna ta lafiya lau. Na ce bari in gwada ta da abin da nake ba 'yan aji ɗaya, lissafin da ke ba da kwano a kife, wanda ke farawa da alamar ɗebewa. Na danna, ta rubuto mini da Turanci cewa na yi kuskure. Ni. Na sake, ta sake. Sau bakwai muna haka. Sai bayan Azahar na lura ashe alamar ɗebewa biyu ce a jikinta, ɗaya babba a gefe ta ragi, ɗaya ƙarama a ƙasa cikin baka biyu, wato ( ), ta lambar da ke ƙasa da sifili. Shekara talatin ina rubuta su iri ɗaya a allo ba wanda ya kai ni ƙara.

Da na danna ƙaramar, sai ga kwanon ya zano kansa daga hagu zuwa dama, sumul, kafin in haɗiye yawu. Abin da ke cin mini rubu'in awa da igiya da alli. Na yi kabbara da ƙarfi har akuyar maƙwabta ta ɗago kai.

Daɗin bai daɗe ba. Na ba ta wani lissafin, kwano a buɗe da aka tara masa talatin. Ta nuno mini layi biyu a gicciye, fili fetal, babu kwano babu dalilinsa. Na girgiza ta. Na kai ta rana. Na goge gilashin da bakin rigata. Da na gaji na ce bari in kashe ta ta huta, sai na nemi maɓallin kashewa na rasa. Na bi sahu-sahu da yatsa sau uku. Ƙarshe na juya bayanta, na ɓalle murfin, na zare batir huɗun na jera su a kan tabarma. Haka na riƙa kashe ta har Litinin, kamar mai yanka kaza duk lokacin da yake son ta yi shiru.

Ranar Lahadi na ce yau sai na gano inda ta ɓoye kwanon. Na shiga wani shafi mai jerin kalmomi, ina sauka ina danna duk abin da ya yi kama da amsa. Ban ankara ba sai na ga rubutun gaba ɗaya ya canza. Haruffan na sani, kalmomin ban taɓa gani ba, wasu da 'yan huluna a kansu. Na zare batir, na mayar, tana nan a kan bakanta.

Na naɗe ta a leda na nufi wajen Malam Hamidu. Bazabarme ne daga Nijar, yana sayar da albasa a bakin titin Nima, kuma ya yi boko a ƙasarsu kafin fatauci ya kawo shi Akra. Na ja shi bayan buhuna don kada a gan mu.

Ya kalli gilashin ya fashe da dariya. "Malam Issaka, ai ka mayar da ita 'yar ƙasarmu! Faransanci take ji yanzu. Ka bar mini ita mu yi hira, na yi kewar gida."

"Malam Hamidu, rufa mini asiri. Ta 'yar Hajiya Memuna ce."

Da jin sunan sai ya daina dariya. Ya goge hannu a wando, ya bi jerin a hankali yana karantawa a fili, har ya kai kan kalmar da ya ce tana nufin harshe. Ya danna, Turanci ya dawo. Ya miƙo mini ita tana warin albasa, ya ce, "Sauran abubuwan da ka taɓa a ciki fa?"

Na ce, "Ba abin da na taɓa."

Ranar Litinin da yamma Hajiya ta zo da kanta don ta ji sakamakon bincike. Ta zauna a bencin gaba, Rukaya a gefenta, yarana huɗu a baya. Na yi shawara a raina ba zan je kusa da zane ba. Zan gwada abin da ko a mafarki aka tashe ni na sani: awon da ake kira sayin, na kusurwa mai digiri talatin, wanda duk ɗan sakandare ya san rabi ne.

Na ce, "Hajiya, ki duba. In ta ainihi ce, za ta ce rabi."

Na danna da yanga. Ta rubuto wata lamba mai tsawo, ƙasa da sifili, kusan ɗaya cur. Na sake dannawa, ta maimaita. Wallahi wani sanyi na ji, don na samu wanda zan ɗora wa laifin wahalar kwana biyu.

Na girgiza kai. "Abin da na ji tsoro ke nan, Hajiya. Jabu ce. An cuci kawunta."

Hajiya ta ce, "Ei! Jabu? Yarinya na faɗuwa jarrabawa ashe inji ne?" Nan take ta zaro waya ta fara kiran ƙanenta, kawun Rukaya, a ƙasar waje, tana faɗin abin da za ta gaya masa, har da wani laifin da ya yi tun suna yara.

Rukaya ta ce a hankali, "Ticha, ko in gani?"

Na miƙa mata. Ta danna sau uku, ta juyo mini da gilashin. Rabi.

"Tana kan radiyan ne, Ticha. An canza ta daga digiri."

Radiyan wata hanya ce ta auna kusurwa, kuma ni nake koyar da ita duk zango na biyu. Ni na canza ta da yatsana ranar Lahadi ina neman kwano. Wayar Hajiya kuwa tana ta shiga. Ƙanen ya ɗauka. Hajiya ta kalle ni, ta kalli 'yarta, ta ce a wayar, "Babu komai, gaisuwa ne kawai," ta kashe.

"Ticha," in ji ta, "inji ne jabu, ko kuwa?"

Na ce, "Hajiya, kalkuleta lafiyarta ƙalau. Ni ne ban iya ta ba. Ban taɓa riƙe irinta ba sai ranar Juma'a."

Ta gyara mayafi ta miƙe. "To me za ka koya mashi? Shi ya fi ka kuraa, nesa ba kusa ba."

Na riga na hango rumfar atamfa gobe da safe, da yadda labarin zai tsallaka kwata ya shiga Mamobi. Na ce, "Hajiya, ki ba ni minti goma. Rukaya, kina da takardar gwajin da kika faɗi?"

Tana da ita. Tambayar farko da aka soke mata ta ce a zana giraf na ɗaya a sama, a ƙasa kuma x a ƙara masa biyu. Na ce ta sake yi a gabana. Yatsunta suka yi ta gudu a kan maɓallan kamar mai tsintar shinkafa, ta juyo mini da zane: layi biyu masu lanƙwasa, sun rabu a tsakiyar gilashin.

Na ce, "Ba shi ba ne."

"Ticha, ita fa ta zana."

"Na ji. Ajiye ta. In x ya zama biyu ƙasa da sifili, me zai rage a ƙasa?"

"Sifili."

"Ana raba ɗaya gida sifili?"

"Ba a yi."

"To a nan layin zai tsinke, taku biyu hagu da tsakiya. Naki ina ya tsinke?"

Ta kalli gilashin. "A tsakiya."

Ta daɗe tana kallon abin da ta rubuta. Sai ta dafe baki. Ba ta sa x da biyun a cikin baka ba, don haka kalkuleta ta raba ɗaya da x kaɗai, sannan ta tara biyu daga baya. Abin da aka tambaye ta ta amsa, ba abin da ake nufi ba. Rukaya ta sa bakan, ta danna, wurin tsinkewar ya matsa taku biyu hagu, daidai inda na ce. Ta bi sauran takardar da sauri: tambaya huɗu, duk kuskure iri ɗaya.

Hajiya ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, amma mace ce da ta shekara ashirin tana karanta fuskar masu ciniki. Ta ce, "Wa ya ci?"

Na ce, "Kunnen doki, Hajiya."

Ta koma ta zauna. "Kai ba ka iya inji ba, shi bai iya lissafi ba. To ku haɗa jari."

Haka muka yi wata bakwai. Kullum rubu'in awa na farko ni ne ɗalibi. Ta nuna mini cewa shuɗin rubutu ba ya aiki sai an fara danna shuɗin maɓalli, kuma kalmar kashewa tana nan a saman maɓallin kunnawa, ƙarama, shuɗiya, inda yatsana ya rufe ta sau uku. Da na gaya mata yadda nake kashe ta, sai da ta fita waje ta yi dariyarta ta dawo. Ta bayyana mini batun kwanon da ya ɓace: "Gilashin kamar taga ne, Ticha. Kwanonka yana can sama, kai kuma kana leƙen ƙasa." Ta koya mini ɗaga tagar da faɗaɗa ta. Yatsuna masu kauri ne, sukan danna biyu a lokaci ɗaya, sai ta ce, "Sake," da irin muryar da nake cewa yara su sake. Na rubuta matakan a bayan kwalin sabulu na ajiye a aljihu, na kuma karɓi littafin masu koyo na karanta shi tun daga bango.

Sauran lokacin kuwa nawa ne, da doka ɗaya: kalkuleta tana kife a kan benci sai ta zana mini kamannin layin da fensir, ta nuna inda zai tsallaka da inda zai tsinke. In zanenta da na na'urar suka saɓa, sai a nemo mai ƙarya a cikinsu. Da farko Rukaya ce kullum. Daga baya ta fara kama kuskuren yatsunta da kanta.

Labarin ya fita, kamar yadda na sani zai fita. Sai dai Hajiya ta ba da shi ta yadda ta ga dama: wai Ticha Issaka ya kalli inji ido da ido ya ce masa ƙarya kake. Batun jabu ta bar shi a cikinta. Kafin azumi bencina huɗu sun cika.

Rukaya ta rubuta jarrabawar ƙarshen shekara ta ci, gurbinta ya tsaya. Hajiya ta yi 'yar walima a gidanta ranar wata Asabar da rana, aka dafa wake da shinkafa, aka soya kaji, matan kasuwa suka cika tsakar gida. Ana cikin ci sai ta tafa hannu ta ce, "Ku yi shiru, Ticha zai nuna maku yadda injin ke zane." Ta ɗora mini kalkuletar a hannu.

Da na tsaya a kan kwano, wanda na yi sau ɗari, da an tashi lafiya. Amma na ga taro, kuma tsohon hali ba ya mutuwa. Na ce, "Jama'a, yanzu zan sa ta zana muku da'ira, zagayayya kamar faifai." Ban taɓa gwadawa ba. Na sa rabin sama, na sa rabin ƙasa, na duba bakana sau biyu, na danna. Mata suka matso suna leƙe ta kafaɗata. Layin ya taso, ya zagaya, ya haɗe. Ban san cewa gilashin ya fi faɗi a kwance ba, kuma akwai maɓallin da ke daidaita shi. Abin da ya fito dogo ne ta gefe, shafaffe ta sama.

Rukaya ta leƙa, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Mahaifiyar Hajiya, tsohuwa mai shekara kusan tamanin, ta karɓi na'urar ta kai ta dab da idonta. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago.

"Masha Allah! Ilimi ke nan. Injin har ƙwai yake yi!"

Na gyara zaman hulata na ce, "Na kaza ne wannan, Kaka. Na zabo sai an ƙara karatu."